A bar dodo ya fi ƙarfinmu

Ɗan yayata yana da shekara goma sha huɗu ranar da dodon tsatsa ya cinye masa sulke. Mun yi kusan wata biyu muna wasan Dungeons & Dragons, wani wasan tatsuniya da ake yi da dayis, kowace Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu, shi da abokansa uku, ni kuma ina alƙalanci. Jarumin da yake ja mayaƙi ne, kuma zinariya sittin ɗin farko da ya samo daga kogo da ita ya sayi sulken ƙarfe, mafi kyau a kasuwar garin da ke cikin labarin. Tun daga ranar ba ya bari kowa ya shiga gabansa. Sai ga wata dabba mai kamar ƙaton ƙwaro, da dogayen gashin baki biyu, ta fito daga lungu. Ya zare takobi ya nufe ta. Na jefa dayis, ta taɓa shi sau ɗaya, sulken ya zube ƙasa ya zama jan gari. Jikinsa ko ƙwarzane babu.

Ya ɗago kai ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kawu, wannan ba adalci ba ne. Me ya sa za ka sa mana abin da ba za mu iya da shi ba?"

Tambayar nan ta yaro ita ce gardamar da manya suke yi a kan wannan wasa fiye da shekara ashirin, kuma ina da ɓangaren da na tsaya a cikinta. Amma bari in fara da wasan kansa, don na san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganin an yi shi ba. Ni ma sai da na je karatu Ingila na haɗu da shi. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna da takarda da fensir da dayis. Wasu dayis ɗin irin na ludo ne masu fuska shida, wasu kuma masu fuska huɗu, takwas, har ashirin. Kowa yana jan jarumi ɗaya: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wancan mai sihiri. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa. Shi ya zana taswirar kogon a ɓoye, shi ke faɗin abin da aka gani da abin da aka ji, shi ke jan dodanni. 'Yan wasa su faɗi abin da za su yi, in akwai shakka a jefa dayis. Ba a sa kuɗi, ba caca ba ce, kuma ba a cin juna. Tatsuniya ce da ake yi da baki da yawa, wadda shi kansa mai ba da ita bai san ƙarshenta ba.

A Amurka aka haifi wasan. A 1974 wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, ya buga Dungeons & Dragons, aikin Gary Gygax da Dave Arneson, ƙananan littattafai uku a cikin kwali. Su biyun daga wasan yaƙi na kan tebur suka fito, inda ake jera sojojin roba ana kwaikwayon tsofaffin yaƙe-yaƙe, shi ya sa ma sunan farko na mai jan wasan alƙali ne. A 1977 aka tattara dodanni a littafi guda mai kauri, Monster Manual. A 1981 Tom Moldvay ya gyara dokokin masu koyo ya fitar da su a taƙaice, kuma wannan bugu shi nake amfani da shi har yau. TSR ya durƙushe, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, a 2000 kuma ya fitar da bugu na uku. A nan hanya ta rabu biyu.

Bugu na uku ya zo da ma'auni. Kowane dodo aka liƙa masa lamba da ke nuna haɗarinsa, aka gina lissafin a kan ƙungiyar jarumai huɗu. Dodon da lambarsa ta yi daidai da matakin ƙungiyar, wato girman ƙwarewar da jarumanta suka kai, ana sa ran zai ci musu kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu da kayansu, su kuma su kashe shi. Karawa goma sha uku da 'yan kai irin wannan, sai a hau mataki na gaba. Tsari ne mai tsafta, kuma na fahimci dalilin da ya sa mutane suka yi maraba da shi. Alƙali sabon shiga ba ya so ya hallaka abokansa a daren farko saboda bai san ƙarfin abin da ya ɗora musu ba. Bugu na huɗu a 2008 da na biyar a 2014 duk sun riƙe wannan tunani, kowanne da nasa lissafi.

Abin da nake ja da shi shi ne darasin da ma'aunin ke koya wa ɗan wasa ba tare da an faɗa masa ba. In ya san duk abin da aka sa a gabansa an auna shi daidai ƙarfinsa, to amsar kowace tambaya ita ce zare takobi. Ba ya buƙatar ya saurari bayanin alƙali, ba ya buƙatar ya leƙa kafin ya shiga. Ɗan yayata bai taɓa buga bugu na uku ba, amma ya taso da wasannin waya da na kwamfuta da aka gina a kan tunani iri ɗaya, shi ya sa da ya ga dodo bai tsaya tambayar ko na faɗa ne ba.

Masu sukar tsohon wasan suna cewa ba shi da daidaito ko kaɗan, wai Gygax ya zuba dodanni ne kawai yadda ya ga dama. In ka kalli lambobin faɗa kaɗai, za ka yarda da su. Mai sihiri a matakin farko makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya mutu, daga ɗaya zuwa huɗu ne, sara ɗaya na takobi na iya gamawa da shi. A littafin 1974 an rubuta cewa gobilin, waɗannan ƙananan miyagun halittu, ana iya cin karo da su daga arba'in zuwa ɗari huɗu a daji. Wace ƙungiya ce ta mutum biyar za ta tari ɗari huɗu? Amma wanda ya tsaya a lambobin faɗa ya karanta rabin littafin ne. Daidaiton yana cikin sauran dokokin, waɗanda suka kewaye faɗan, kuma su ne aka fara zubarwa da aka zo gyara.

Ta farko ita ce dokar zinariya. A tsohon wasan kowace zinariya ɗaya da ka fito da ita daga kogo tana ba ka makin ƙwarewa ɗaya. Kashe dodo kuwa ladansa kaɗan ne. A bugun 1981 gobilin ɗaya maki biyar yake bayarwa, mayaƙi kuma yana buƙatar 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Yi lissafin: gobilin ɗari huɗu ke nan, shi kaɗai ba tare da an raba da kowa ba, alhali gobilin uku ma in sa'a ta juya sun ishe shi. Akwati ɗaya mai zinariya dubu biyu kuwa ya biya buƙata ko da ba a zubar da jini ba. Ka ga wasan da bakinsa yake ce maka dukiya ka zo nema, dodo kuma shinge ne tsakaninka da ita. Ka zagaye shi, ka yaudare shi, ka jira ya yi barci, ka haɗa shi faɗa da maƙwabcinsa, duk lada ɗaya ne. Ranar da aka mai da kisa shi ne babbar hanyar samun maki, dole kowane dodo ya zama wanda za a iya kashewa, dole kuma a zo da ma'auni.

Ta biyu ita ce jifan tarba, kuma ita na fi so a duk littafin. In an yi kiciɓis da dodo, alƙali ba ya cewa kawai ya kawo hari. Yana jefa dayis biyu masu fuska shida. In ya fito 2, dodo ya afka nan take. Daga 3 zuwa 5 yana da mugun nufi, ƙila ya kawo hari. Daga 6 zuwa 8 yana shakka, yana jiran ya ga abin da za ku yi. Daga 9 zuwa 11 ba zai yi faɗa ba, zai tafi ko ya saurari tayi. In 12 ne, da fara'a ma zai tarbe ku. Harin nan take sau ɗaya ne cikin talatin da shida. Mafi yawan lokaci akwai ɗan sarari na magana, kuma a wannan sarari ne wasan yake yin daɗi. Na ga yaran nan sun tsaya ciniki da wani ƙaton dodo mai cin mutane a kan alfadarinsu, suka ba shi dabbar ya bar su su wuce, ya kuma faɗa musu ɗakin da ba a shiga. Da faɗa suka yi da shi, da wuya biyu su fita.

Ta uku ƙarfin zuciya. Kowane dodo yana da lamba daga 2 zuwa 12. In na farko a cikinsu ya faɗi, ko rabinsu sun ƙare, alƙali ya jefa dayis biyu, in jimlar ta haura lambar sai su gudu ko su miƙa wuya. Gobilin lambarsu 7 ce, wato sau goma sha biyar cikin talatin da shida za su watse tun a gawar farko. Ƙwarangwal da aka tayar da sihiri kuwa 12 ne, ba ya gudu har abada, domin ba shi da ran da zai ji tsoro a kai. Dubi yadda lamba ɗaya ta raba halin halittu biyu. Gobilin goma a takarda sun fi ƙarfin yara huɗu, amma ba goman ake buƙatar kashewa ba. A kayar da ɗaya da ƙarfi, a yi ihu, a kunna wuta, sau da yawa sauran su cika wandonsu da iska. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rigimar kasuwa take watsewa ya san wannan ya fi kama da gaskiya a kan faɗan da kowa ke tsayawa har numfashin ƙarshe.

Gudu ma an yi masa doka. In dodo ya biyo ku kuka zubar da abinci, ko kuɗi in mai hankali ne, rabi da rabi ne zai tsaya ya kwasa. Man fitila da aka kunna a bakin hanya yana tare da yawa. Zinariya kuma tana da nauyi, goma laba ɗaya, mai ɗauke da buhu ba ya gudu kamar mai hannu wofi. To ga ka ɗauke da dukiyar da ka sha wuya a kanta, ga ƙarar ƙafa a bayanka, za ka yar ko za ka riƙe? Babu lambar haɗari da za ta ba ɗan wasa irin bugun zuciyar da wannan tambaya take bayarwa.

Sai kuma shi kogon. An gina shi hawa-hawa zuwa ƙasa, kuma kowa a teburin ya san doka: yadda ka ƙara nitsawa, haka dodanni ke ƙara muni, haka kuma dukiya ke ƙara yawa. Matakala tana nan a buɗe, babu mai hana ka sauka hawa na uku a ranar farko. Ashe ma'aunin haɗari yana nan tun asali, a hannun 'yan wasa aka sa shi. Su ke zaɓar zurfin ruwan da za su shiga. Lokaci kuma yana cin su: tocilan icce awa ɗaya yake yi, kuma duk bayan minti ashirin na cikin labari alƙali yana jefa dayis, in lamba ɗaya ta fito ga wani dodo mai yawo ya iso, wanda yawanci ba ya ɗauke da wata dukiya. Wanda ya tsaya ƙwanƙwasa kowane bango yana biya da haɗari, wanda ya yi gaggawa ma yana biya.

A cikin wannan gida ne dodon tsatsa yake da ma'ana. Ya fara fitowa a ƙarin littafin Greyhawk na 1975, kuma Gygax ya ba da labarin cewa siffarsa daga wani ɗan abin wasan yara na roba ya samo ta, cikin jakar dabbobin roba masu arha. Dodo ne da ba ya taɓa makin rai ko ɗaya. Aikinsa kawai ya juya tsarin ƙungiya: mayaƙin da kullum yake gaba shi ne yanzu mai ɓuya a baya, mai sihirin da ba ya sa ƙarfe shi ne ba ya tsoro. Yawancin dodannin da mutane ke tunawa daga wancan zamani haka suke, kowanne kacici-kacici ne mai haƙora. Tirol, wani ƙaton dodo, yana warkewa maki uku a kowane zagaye na faɗa, ko ka datse shi gunduwa-gunduwa zai haɗe ya tashi, sai wuta ko ruwan asid. Medusa kallonta ke mai da mutum dutse, maganinta madubi. Gul, wanda sunansa daga tatsuniyoyin Larabawa aka aro shi, taɓawarsa tana sandarar da jiki. Wasu matattun ba sa jin ƙarfe sai azurfa. Lambar haɗari ba ta iya auna irin waɗannan, domin haɗarinsu ya dogara ne da abin da 'yan wasa suka sani. Tirol a gaban wanda ya zo da tulun mai da ashana wani abu ne, a gaban wanda bai zo da su ba kuma wani abu ne daban. Bugun 1981 ma ya san da haka, ɗan tauraro kawai yake sa wa a gefen lambar dodo ya nuna yana da wata baiwa ta musamman, ya bar sauran ga hankalin alƙali.

Mu da muka taso da tatsuniya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Dodon da kakanninmu suka ba mu labari ba a taɓa auna shi daidai ƙarfin yarinyar da ta je rafi ba. Yana haɗiye mutum, yana haɗiye gari. In an tsira daga gare shi, da dabara ne ko da taimakon wani abu da aka yi wa alheri a hanya. Gizo bai taɓa kayar da Kura ko Zaki da ƙarfin damtse ba. Da a ce an rage wa Dodo tsawo don ya yi daidai da yarinyar, da babu yaron da zai matsa kusa da kakarsa yana jira ya ji yadda za ta ƙare.

Yanzu ga inda masu suka suke da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Duk abin da na lissafa yana aiki ne in ɗan wasa yana da labarin abin da ke gabansa. Zaɓi a cikin duhu ba zaɓi ba ne. Mayaƙi a matakin farko, in gizo-gizo mai dafi ya cije shi, yana buƙatar 12 ko sama a dayis mai fuska ashirin, in ba haka ba ya mutu. Ya fi kusa da mutuwa a kan rayuwa. In alƙali ya ɓoye gizo-gizon a saman ƙofa ba yana, ba gawar ɓera, ba komai, ya faɗo ya kashe yaro a minti goma na farko, wannan zalunci ne, kuma littafin ba zai wanke shi ba. Na zauna a irin wannan tebur a Ingila. Alƙalin yana alfahari da yawan jaruman da suka mutu a hannunsa, yana ɓoye tarko a inda babu wata alama, in an yi ƙorafi ya ce ai haka tsohon wasan yake. Wata baiwar Allah da ta zo karon farko ta rasa jarumai biyu a dare ɗaya, ba ta sake dawowa ba, kuma har yau ina jin takaicin hakan. Irin waɗannan alƙalai sukan kafa hujja da Tomb of Horrors, kogon Gygax da ya yi suna wajen kisa, su manta cewa don gasa aka rubuta shi, don gwada ƙwararrun da suka zo da shirin mutuwa. Ba abincin kowace Asabar ba ne.

Nauyin da tsohon wasan ya ɗora wa alƙali shi ne ya zama mai gaskiya da yalwar bayani. Duk dodon da zai iya ƙwace abin da ba ya dawowa, dole duniya ta nuna alamarsa. A bakin kogon Medusa a ga gumakan mutane da fuskokin firgici, wani ya ɗaga hannu yana kare ido. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Akwai wani dodo mai kamar ƙatuwar ƙanƙara mai yauƙi, ƙafa goma ta kowane gefe, daidai faɗin hanyar kogo, yana tafiya yana share duk abin da ke ƙasa, kuma da ƙyar ake ganinsa. Alamarsa ita ce hanya fes, ba ƙura, ba ƙashi, a wurin da ko'ina datti ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen ƙauye su yi gargaɗi, fursunan gobilin ya yi magana in an tambaye shi. Ni a ranar sulken na faɗa wa yaran cewa ƙofar ɗakin ta faɗi don ƙarfen da ke riƙe ta ya ruɓe, cewa akwai jan gari a ƙasa, da ƙotar gatari babu kai. Na faɗa sau biyu. Abokin ɗan yayata ma ya ce a dakata. Shi ya sa da ya ce ba adalci, na ji zafin hawayensa amma ban mayar masa da sulken ba. Na dai maimaita masa abin da na faɗa a bakin ƙofa, ya yi shiru.

Akwai doka ɗaya da na daɗe ina kokawa da ita, wato zuƙe mataki. Wasu matattu masu tashi daga kabari in sun taɓa jarumi suna sauke shi mataki ɗaya cur, masu shan jini kuma biyu, kuma babu jifan tsira, wato jifan dayis da zai iya kuɓutar da shi. Mayaƙi yana buƙatar maki 16,000 ya kai mataki na biyar. A teburin da ake haɗuwa sau ɗaya a mako, wannan watanni ne na rayuwar mutum ta gaske. Sulke ana sake saye a fita ɗaya mai kyau. Jarumin da ya mutu ma ana yi masa makoki a ja sabo cikin minti biyar, kuma mutuwar takan zama labarin da ake tunawa. Amma wanda aka zuƙe yana nan zaune da jarumin da ya rame, abokansa sun wuce shi. Bugu na uku ya sassauta, ya ba da damar jifan tsira bayan kwana ɗaya. Na biyar ya mai da abin ragin makin rai da ke dawowa bayan an kwana an huta, wanda a ganina ya zare wa matattun haƙora gaba ɗaya, ba wanda ke tsoron abin da barci ke warkarwa. Masu kare tsohuwar dokar suna cewa ita kaɗai ce ke sa ɗan wasa, shi kansa ba jaruminsa ba, ya ji tsoro na gaske, kuma na ga hakan da idona: ambaton kabari kawai yana sa tebur ya yi tsit. Inda na tsaya shi ne na bar zuƙewar yadda take, ba jifan tsira, amma na buɗe hanyar dawowa mai tsada. In an hallaka abin da ya zuƙe ka kafin wata ya sake kamawa, matakinka ya dawo. Wasu 'yan gargajiya za su ce na lalata dokar. Ni kuwa na ga ta haifar da fita mafi zafi da muka taɓa yi, yara huɗu suna sayar da kayansu don su sayi kibiyoyin azurfa saboda abokinsu.

Ba na cewa kowa ya watsar da sabon wasan. Wanda yake son labarin jarumi ɗaya daga farko har ƙarshe, ya rubuta masa tarihi shafi uku, yana da haƙƙin ya so tsarin da ba zai kashe masa shi a bakin ƙofa ba. Kuma ba ni kaɗai nake wannan ra'ayi ba, don haka ba na jin tsohon salon yana cikin haɗarin ɓacewa. Lasisin da Wizards of the Coast ya buɗe a 2000 ya ba mutane damar sake buga tsofaffin dokoki da sababbin sunaye: OSRIC a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008, shekarar da Gygax ya rasu, sai Old-School Essentials daga baya. Abin da ke damuna shi ne masu ɗaukar waɗannan littattafai su buga su da tunanin sabon wasa. Su manta jifan tarba, su tsallake ƙarfin zuciya don wai yana ɓata lokaci, su ba da maki don kisa, sa'an nan su yi mamakin yadda kowa ke mutuwa, su ce wasan ya karye. Ko kuma su ji tausayi su fara ɓoye dayis suna rage wa dodo ƙarfi a asirce. Wannan na biyun ya fi muni, domin ranar da yara suka gane Kawu ba zai bari su mutu ba, duk nasarar da suka yi a baya ta zama kyauta. Ni a fili nake jefa dayis ɗina, a tsakiyar tabarma, kowa yana gani.

Asabar ɗin da ta biyo baya ɗan yayata ya zo da takarda ya rubuta tambayoyi. Kafin su shiga kogo ya sa jaruminsa ya je wurin maƙerin garin ya tambaye shi ko ya taɓa jin dabbar da ke cin ƙarfe. Na sa maƙerin ya ce ƙanshin ƙarfe take bi, kuma ba ta da wayo. Suka sayi ƙusoshin ƙarfe dozin biyu, shi kuma ya sa rigar fata. A hawa na biyu akwai wasu sojojin dodanni takwas masu sulke da suka hana su wucewa tun makonni, ɗakin dukiya yana bayansu. Yaran suka koma ɗakin jan gari, suka riƙa jefa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, dabbar tana bi tana lasa, har suka sauko da ita matakala. Saura ƙusa uku suka isa. Ɗan yayata ya ce zai wurga sauran ta ƙarƙashin ƙofar masu gadin, ya buɗe, ya koma gefe. Na jefa dayis a gabansu, sulken shugaban ya zube, takobin na kusa da shi ma haka. Na jefa na ƙarfin zuciya, ya fito goma, suka watse. Ana kiran magariba suna ta gardamar yadda za su ɗauko akwati biyu da mutum huɗu, ga dabbar tana tsaye a bakin ƙofa tana shinshina makullan.